Sai yaro ya faɗi jarabawa sannan mu tuna da gareji

Akwai wata magana da ta kama bakin samari a garin nan namu na Katsina, duk majalisar da ka zauna tun daga Ƙofar Ƙaura har Sabuwar Unguwa sai wani ya jefo ta, wai boko sikam ce, wato damfara. Da wasa aka faro ta a soshiyal midiya amma yanzu har yaran da ko ƙaramar sakandare ba su gama ba sun riƙe ta gam, ka ce ma yaro tashi ka tafi makaranta ya ce maka to Yaya wane da ya yi digiri me ya tsinana, ba ga shi can yana jan kurkura, wato a-daidaita-sahu, ba, shi kuma wane da ko firamare bai ƙarasa ba ga shi da shagon waya ya yi aure har ya sayi fili. Abun haushin kuma ba ƙarya yaron ya yi ba, duka mutanen biyu akwai su, kowa ya san irinsu a unguwarshi. Mu kuma manya amsar da muke ba su ita ce ilimi gishirin zaman duniya, sai mu gyara zama muna jin mun gama magana. Yo yaron da ke kallon yayanshi kullum yana roƙon kuɗin data wajen Mama alhali kwalin digiri na cikin akwati, karin magana ce za ta shawo kanshi?

Ni dai a ganina yaran nan sun hango ciwo na gaske amma sun ɗora laifin inda ba nan yake ba. Karatun bai cuce su ba. Abun da ya cuce su shi ne yadda muka jera abubuwan a gidajenmu. Boko tukuna, sai in ta ƙi, an zana WAEC an zana NECO babu Turanci babu lissafi, ko JAMB ta ƙi ci shekara biyu, sannan uba zai ja tsaki ya ce to a kai shi gareji ko wajen tela tunda kanshi ba ya ja. Wato sana'a ta zama horo, wajen da ake jefa wanda aka fidda rai da shi. Shi wanda aka kai garejin ta haka da kunya yake shiga, in ya hango abokanshi cikin yunifom sai ya shige ƙarƙashin mota, shi kuma wanda ya ci ya tafi jami'a ya tafi da tunanin Allah ya raba shi da baƙin mai har abada. Duka biyun mun cuce su, kuma mu iyaye da yayye mu muka yi, kafin ma a zo kan gwamnati.

In ka bi salsalar abun za ka ga iyayenmu suna da hujjarsu. A garin nan aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, ginin na nan har yanzu an mai da shi gidan tarihi, nan Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi, daga baya makarantar ta tashi ta koma Kaduna ta sake komawa Zariya ita ce Barewa ta yanzu. A wancan zamanin duk wanda ya fito daga irin wannan makaranta aiki ne ke jiranshi tun bai ajiye akwatinshi ba, En'e na neman malaman makaranta da akawu ruwa a jallo. Ko a 1976 da aka kawo shirin UPE na firamare kyauta ga kowa aka buɗe firamare lungu da saƙo malaman ma ba su isa ba, duk mai ɗan kwali sai an kira shi. Da aka ƙirƙiro jihar Katsina a 1987 kuma ga sababbin ma'aikatu ga kujeru babu masu zama. Wannan hoton ne ya zauna ma iyayenmu a kai, ka yi boko ka samu ofis da fanka da albashi da fansho, kuma a zamaninsu gaskiya ne.

Yanzu fa ƙirga mani. Al-Qalam ta zo a 2005, jami'ar jiha wadda yanzu ake kira Umaru Musa 'Yar'aduwa ta biyo baya a 2006, ta tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga foli ta Hassan Usman, ga kwalejojin horar da malamai, FCE da Isa Kaita ta Dutsin-Ma, ga ta Yusuf Bala Usman a Daura, ga foli ta tarayya a Daura ga kuma jami'ar sufuri duk a Daurar, ban da 'ya'yanmu da ke Zariya da Kano da Sakkwato. Duk shekara dubbai ake yayewa. Ma'aikatun jiha da ƙananan hukumomi 34 ko waliyyi aka naɗa gwamna ba zai iya sama ma kowa kujera ba, masana'antun da ya kamata su kwashi ragowar kuma da yatsun hannu za ka ƙirga su a jihar nan. Shi ya sa kake jin maganar sayen ofa, wato takardar ɗaukar aiki, da wa ka sani. Yawan makarantun alheri ne, ba na cikin masu cewa an yi yawa, amma alƙawarin da ke tafe da kwali a 1970 ya mutu tuntuni mu ne dai ba mu yi mashi zaman makoki ba, muna ta faɗa ma yara yana nan da rai.

Sannan ga lokaci, wanda shi ba a sayen shi. A 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki wajen wata 9, a 2022 suka sake daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata 8 cur. Kwas na shekara 4 ya koma 6. Ni tambayar da nake ma duk ɗalibin da ya faɗa cikin waɗannan yajin ita ce, wannan wata goma sha bakwai ɗin me ka yi da su? Mafi yawa amsar ita ce jira, yau za a janye gobe za a janye, ana majalisa ana kallon ƙwallo ana karanta labarin zaman ƙungiyar malaman, ASUU, da gwamnati kamar sakamakon wasa. 'Yan kaɗan da suka cije suka je suka durƙusa gaban wani oga suka koyi wayarin ko gyaran waya ko ɗinki, yau da yawansu da wannan sana'ar suke riƙe kansu, kwalin ma da kuɗinta suka ƙarasa shi. In an gama a tafi bautar ƙasa, alawus ɗin yanzu naira 77,000, ya ma fi mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa ma hannu a 2024, yaro ya saba da alat duk wata, wata 12 na cika a yanke ƙit. Ya dawo gida, makarantar kuɗi ta unguwa ta ce za ta ɗauke shi koyarwa a kan abun da sau da yawa ko rabin alawus ɗin bai kai ba. To a wannan gaɓar ne kalmar sikam take shigowa, kuma wallahi ina fahimtar zafin.

Amma masu cewa a watsar da boko a kama sana'a su ma su tsaya su ji, don yawancinsu daga nesa suke hango garejin. Wanda suke misali da shi mai shagon waya da fili mutum ɗaya ne, bayanshi akwai yara goma da suka shiga sana'a tare da shi har yau su yaran shago ne, gemu ya fito ana ba su na abinci da yamma.

Akwai shagon walda na wani abokina da nake ɗan zama in na taso aiki, wata rana ana haɗa ƙofar get, ogan ya ce ma wani yaronshi, saurayi ne zai kai sha bakwai, ya yanko mashi fayif guda huɗu ƙafa 3 da inci 7 da rabi. Na ga yaron ya ja tef ya tsaya yana kallonshi, ya juya shi ya sake juyawa, ya saci kallon ɗan'uwanshi amma wancan na can yana gurza ƙarfe bai lura ba, sai kawai ya dafa farce a wani layi ya zana da alli ya yanke duka huɗun. Da aka zo gwadawa ko ɗaya bai kai ba. Ogan ya hau faɗa, kai wane irin daƙiƙi ne, ka san nawa ake saida fayif yanzu, yaron na ta yi haƙuri oga yi haƙuri oga kanshi a ƙasa. Da ƙura ta lafa na kira shi gefe na ce ƙanena aji nawa ka tsaya, ya ce aji huɗu na firamare. Bai san bambancin gefen inci da gefen santimita ba, rabin inci kuma bai san wane layi ne ba cikin ƙananan layukan nan, duk tsawon zamanshi a shagon da ido yake aunawa ko ya jira wani ya zana mashi. Alhali in ka ga ɗinkin waldarshi sai ka rantse inji ne ya yi, hannunshi ya fi na ogan kyau, ogan da bakinshi ya faɗa. Wannan yaron in ba wani ikon Allah ba haka zai ƙare yana ma wasu aiki, don ranar da ya buɗe nashi shagon wa zai auna mashi, wa zai lissafa mashi ƙarfe nawa get zai ci ya fidda kuɗin wuta da na kwanon rufi da ladan hannu ya rubuta ma mai aiki a takarda? Abun da ya rasa ba digiri ba ne, lissafin aji shida ne kawai.

Kuma sana'o'in da ke kawo kuɗi yanzu duk sun koma haka. Ɗauki sola, tunda aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janareto ya gagari mutane kowa ya koma kanta, duk layin da ka bi a cikin gari za ka ga fanel a kan rufi, kuma duk wanda ya taɓa riƙe sukundireba ya zama injiniyan sola. Amma aikin lissafi ne tsagwaronshi. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, ka ninka su ya ba ka wat 2,400 na awa, kuma irin batirin ruwan nan ba a son a shanye fiye da rabinshi in ana so ya yi ƙarko, kenan 1,200 ne naka. In gidan na da fanka biyu masu cin 70-70, da talabijin mai cin 60 da ƙwai biyar masu cin 10-10, ka tara ya zama 250, ka raba za ka ga ko awa biyar ba zai cika ba, balle inbata, mai juya wutar batir ta koma irin ta gida, ita ma tana cin nata. Wanda bai iya wannan ba shi ne zai ce ma Alhaji ai wannan har firij zai ɗauka kwana guda, a biya maƙudan kuɗi, bayan wata shida batir ya mutu a dawo ana zagin juna ana cewa kayan ne jabu. Kayan lafiyarsu lau, mai haɗawar ne bai iya ninkawa da rabawa ba.

Haka makanikai. Motocin yanzu kwamfuta ake jona masu ta faɗi ciwonsu, ta fiddo maka lamba irin P0300 da bayani da Turanci cewa injin na tsallake wuta, kai kuma ka bi ka gano fulogi ne ko kwayil ne ko mai ne ba ya isowa. Tsohon bakanike mai sauraren inji da kunne ina girmama shi ƙwarai, amma yau shi da kanshi yake kiran wani yaro mai ɗan karatu ya zo da na'urar ya jona, minti goma ya karɓi kuɗinshi ya yi gaba rigarshi fes. Mai gyaran waya a YouTube yake koyon sabon samfuri. Tela ma da ake rainawa, wanda ke rubuta awon kowa da ranar karɓa da abun da aka bayar da ragowar a littafi shi ne ke kwana lafiya daren Sallah.

To ka ga inda na dosa. Sakandare a wajena ba abun tattaunawa ba ce, ko ɗan wa ne ko me zai zama ya gama ta, kuma ya gama ta da gaske ya iya karatu da rubutu da lissafi, ba irin gamawar da ake kai yaro santar da za a rubuta mashi amsa a allo ba. Sana'a kuma a fara ta tun ana cikin sakandaren, da yamma bayan an taso da ranakun Asabar da dogon hutu, tun hannu na da laushi kuma tun girman kai bai shigo ba. Mai ɗaukar na ɗaya a aji shi ma ya je, shi ne ma ya fi kamata ya je, don ranar da ɗan gidan Alhaji mai ƙoƙari ya sa rigar baƙin mai da yamma ranar ce garejin zai daina zama wajen waɗanda suka kasa. Digiri kuma sai a zauna a duba, wa ke so, me zai karanta, ina za ta kai shi.

Abun dariya ma wannan ba sabon tunani ba ne, gwamnati ta riga mu. Tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku-uku a ƙaramar sakandare da babba, huɗu a jami'a, da aka fara a farkon shekarun 1980 manufarshi kenan, yaro ya taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki a ƙaramar sakandare sannan a ga inda ya fi ƙarfi. An shigo da injina daga ƙasashen Turai aka rarraba ma makarantu, da yawa a cikin akwatunansu suka yi tsatsa don babu wuta babu malamin da ya san kansu, darasin ya koma zanen zarto a allo a haddace sunayen sassanshi. Hukumomi kam ba a rasa ba, ITF mai horar da ma'aikatan masana'antu tun 1971, NBTE mai kula da foli-foli tun 1977 ga ta nan Kaduna, NDE mai samar da aikin yi, ga NABTEB mai jarabawar 'yan makarantun fasaha tun 1992, a nan jihar ma akwai ƙauyen koyon sana'a na matasa da aka kafa zamanin Gwamna Shema ga kuma cibiyoyin koyon sana'a na BATC. Amma tambayi iyaye goma a unguwarku wa ya taɓa neman ma ɗanshi makarantar fasaha da gangan tun farko, ba don an rasa gurbi wani wajen ba. Kuma ba za ka ga laifinsu sosai ba, tunda ita kanta gwamnatin da ke wa'azin a koyi sana'a ita ce ta daɗe tana fifita mai digiri a kan mai HND, babbar difloma ta foli, wajen matakin aiki, yaro ya yi shekara biyar yana fama da injina a foli ya zo a ce mashi wanda ya yi ta haddar handawut shi ne gaba.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne abun da 'yan siyasa ke kira tallafi. A tara matasa a ɗakin taro sati biyu, a koya masu haɗa sabulun ruwa da man shafawa, a raba keken ɗinki da injin markaɗe a ɗauki hoto a watsa a Facebook an samar ma mutum ɗari biyar aikin yi. Kafin sati ya zagayo rabin kekunan suna kasuwa an saida su ƙasa da kuɗinsu. Ba a zama tela a sati biyu, ko wuyan riga ba za ka iya fiddawa ba. Da kuɗin nan aka ɗauka aka biya ma yara hamsin kuɗin koyo na shekara biyu wajen ƙwararrun da muke da su, ana bibiya ana duba rajista, da an ga abun kirki, sai dai shi wannan ba ya kyau a hoto kuma ba ya nuna kafin zaɓe.

Je ka duk inda ake babban gini a GRA ko sababbin unguwannin bayan gari ka tambayi masu sa tayil da masu POP daga ina suke, sau da yawa za ka ji Togo ko Kwatano. Mutum ya ƙetaro daga wata ƙasa ya zo Katsina ya karɓi aikin da ɗan unguwar ke zaune a kan dakali yana kallo. Ba ƙin ɗan gida masu ginin ke yi ba, layinsu ne ke fita sak, don su sun zauna sun koya shekara da shekaru kafin a sake su. Ga kuma titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinshi a 2021, ta Daura da Katsina da Jibiya zai bi, in ya fara aiki masu walda da masu lantarki da masu gyaran inji zai nema tsawon shekaru, jami'ar sufuri za ta ba da injiniyoyi amma kowane injiniya ɗaya sai da masu aikin hannu da yawa a bayanshi. Su waɗannan a ina muke shirya su?

A nan dole in taɓa ogannin namu su ma, don wani ɓangare na rainin da ake ma sana'a daga wajensu yake. Uba ya kawo yaro ya ce ga shi nan amana, shi kenan, babu maganar shekara nawa zai yi babu maganar me za a koya mashi babu ranar yayewa. Shekarar farko aike ne, sayo koko, kai ma uwargida cefane, wanke babur. Wani ogan in aikin ya zo wajen sirrin sai ya aiki yaron sayen ruwa don kar ya gani ya zama kishiya. Yaro ya shekara bakwai takwas, ranar da ya ce oga ina so in buɗe nawa sai a ce ya yi butulci. 'Yan kabilar Ibo da muke zaune da su a kasuwa tun ranar farko ake yanka shekarun, in sun cika ogan ya sallami yaro da jari, kuma abun kunya ne a cikinsu a ce ka ƙi sallamar yaronka. A Jamus yaro na raba satinshi ne tsakanin kamfani da aji, wajen shekara uku, ana biyanshi ɗan wani abu, ya gama ya zana jarabawa a ba shi takardar da duk ƙasar ta yarda da ita. Mu ba sai mun kai can ba, amma ƙungiyoyin makanikai da teloli da masu walda da muke da su, waɗanda suka iya tara kuɗin ƙungiya duk sati, me zai hana su fiddo 'yar takarda shafi ɗaya, shekara kaza, abubuwa kaza za a koya, ranar kaza za a yaye, uba ya sa hannu oga ya sa hannu mai unguwa ya shaida?

Ɗiya mata kuma maganarsu ta ɗan bambanta, don su sana'ar ba a hana su, ɗinki da kitso da lalle da turaren wuta da girke-girken saidawa duk suna yi har sun fi mazan himma, ka duba sitatus ɗin WhatsApp na matan gidanku kawai. Su karatun ne ake yanke masu. Kuma akwai aikin da ba a koyonshi a shagon kowa. Ungozoma ta asibiti sai ta bi ta makarantar ungozoma irin ta Malumfashi, ma'aikaciyar lafiya sai ta bi ta Kankiya ko Daura, nas sai makarantar nas, kuma duk ƙofar shigarsu kiredit ɗin sakandare ne na kimiyya. Mutumin da ya cire ɗiyarshi daga aji huɗu shi ne za ka ji yana ɗaga murya a asibiti wai shi namiji ba zai duba mashi iyali ba. To macen da kake nema ɗiyar wa ce? Wani ne ya daure ya bar tashi ta gama.

Wannan ne ma ya sa ba na son a ɗauka ina rage ma jami'a daraja. Likita da lauya da injiniyan gada da malamin da zai koya ma wancan yaron mai walda rabin inci duk daga can suke fitowa, kuma garin da ya fidda Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, garin da ke da Gobarau, ba shi za a koya ma darajar zurfafa ilimi ba. Akwai yaron da in ka gan shi ka san na littafi ne, a tallafa mashi ya je har ƙarshe ko da gona za a jinginar, yanzu ma ga bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ga mai buƙata. Wanda nake ƙi shi ne a tura yaro ya karanta duk kwas ɗin da aka jefa mashi, shi bai so ba bai san amfaninshi ba, don kawai a ce ɗan wane na jami'a, a yi shekara biyar ana saida tumaki, ya fito bai iya rubuta takardar neman aiki ba kuma ya fi ƙarfin ya durƙusa ya koyi wani abu.

Na san abun da wasu iyaye za su ce, na sha jin shi, Malam in yaro ya ɗanɗana kuɗi ai ya bar karatu kenan. Gaskiya ne yana faruwa, musamman irin su acaba da POS da kuɗin ke shigowa tun ranar farko, shi ya sa ni ba na sa su cikin koyon sana'a, neman kuɗi ne kawai babu abun da hannu ke ƙaruwa da shi bayan wata guda. Amma a sana'ar koyo ta gaske shekarun farko babu wani kuɗin da zai ruɗi yaro, kuma maganin abun a hannun uba da oga yake. A gaya ma ogan tun farko, ranar da yaron nan bai je makaranta ba kar ka bar shi ya taɓa sifana, ƙarshen zango kuma ya kawo maka rifot kad ka gani kamar yadda zai kawo mani. Akwai ogannin da ke yin haka da kansu ba tare da an roƙe su ba, galibi waɗanda su rashin karatun ya taɓa cizo.

Wasu kuma za su ce duk wannan maganar 'yan birni ce, kuma suna da gaskiya. Yaron Batsari ko Safana ko Faskari da aka rufe makarantarsu saboda 'yan bindiga, ko iyayen da tun abun da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 suka ce su da makarantar kwana har abada, ba zaɓi tsakanin digiri da gareji ne a gabansu ba. Da yawansu ma suna nan cikin gari yanzu, su ne ke tura baro a kasuwa su ne ke wanke babura a bakin titi, shekarun koyonsu na wucewa babu boko babu sana'a. In akwai waɗanda ya kamata a fara buɗe ma ajin yamma na karatu da lissafi a makarantun firamaren da ke zama a kulle daga ƙarfe biyu, su ne, tare da yaran shago irin wancan na wajen walda da almajiran da suka sauke suka rasa abun yi. Ajujuwan na nan, masu NCE da digirin ilimi da ke zaune babu aiki suna nan cike da unguwa, abun da za a ba su na alawus bai kai kuɗin kekunan ɗinkin da ake rabawa a taro ɗaya ba.